Rufe Makarantu a Lokacin Annoba: Damuwar Iyaye a Sukra da Sauran Unguwannin Sabha

Rufe makarantu na cikin matakan farko da hukumomi kan ɗauka idan annoba ta ɓarke, domin aji wuri ne da yara daga gidaje daban-daban ke cakuɗuwa kullum, su kuma koma cikin iyalansu da abin da suka kwaso. Yanke wannan hukunci ba ya ɗaukar lokaci, sanarwa ɗaya ta isa. Nauyinsa kuwa a kan gida yake sauka, kuma gidaje ba ƙarfinsu ɗaya ba. Abin da ya faru a Sukra, ɗaya daga cikin unguwannin birnin Sabha a yankin Fazzan na kudancin Libiya, a shekarun cutar korona, ya nuna wannan a fili. Iyaye a can sun shiga damuwa iri-iri, wasu irin na kowace ƙasa, wasu kuma halin da kudancin Libiya ke ciki ne ya haife su.

Sabha kafin zuwan annoba

Sabha ita ce babban birnin Fazzan, tana da nisan fiye da kilomita 700 daga Turabulus, wato Tripoli, idan aka bi mota. Yankin tsohon zango ne na fataken da ke ratsa Sahara tsakanin Kano, Agadas, Murzuk da bakin Bahar Rum, kuma har yau ta nan matafiya daga Nijar da Najeriya ke shiga Libiya. Mazaunanta sun haɗa da Larabawa na ƙabilu irin su Aulad Sulaiman, Ƙazazfa da Magarha, da Tubawa, da Buzaye, da ɗimbin baƙi 'yan ci-rani waɗanda Hausa ce harshen da yawa daga cikinsu. Sukra na zaune tare da unguwanni irin su Gurda, Mahdiyya, Manshiyya, Nasiriyya da Tayuri.

Tsarin ilimin Libiya ya tanadi shekara tara ta karatun tilas, shida a firamare da uku a matakin i'idadi, sannan shekara uku ta sakandare. Karatu kyauta ne a makarantun gwamnati, kuma akwai jarabawar ƙasa a ƙarshen aji tara da ƙarshen sakandare. Sai dai tun bayan faɗuwar gwamnatin Mu'ammar Gaddafi a 2011, zaman makaranta a Sabha bai daidaita ba. An yi faɗan ƙabilanci a birnin a 2012 da 2014, aka sake yi a Nuwamban 2016 da kuma farkon 2018, kuma duk lokacin da harbi ya tashi makarantun da ke kusa sukan rufe. A Janairun 2019 dakarun Khalifa Haftar suka shiga birnin, a Afrilun shekarar kuma yaƙin Turabulus ya fara. Ƙasar na da gwamnati biyu a lokacin, ɗaya a yamma ɗaya a gabas, kowace da ma'aikatar iliminta. A kan wannan kuma aka ƙara yajin aikin malamai na ƙarshen 2019 kan batun albashi, wanda ya jinkirta fara zangon karatu. Saboda haka yaron da korona ta tarar a aji a Sukra ya riga ya yi asarar makonni masu yawa a shekarun da suka gabata, kuma iyayensa sun san ɗacin rufe makaranta tun kafin su ji sunan cutar.

Yadda rufewar ta kasance

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris 2020. Ranar 14 ga wata gwamnatin Fayez al-Sarraj a Turabulus ta kafa dokar ta-ɓaci, aka rufe makarantu da jami'o'i a tsakiyar watan, hukumomin gabas ma suka ɗauki irin wannan mataki. An yi hakan tun kafin a tabbatar da kamuwar mutum na farko a ƙasar, wanda aka sanar ranar 24 ga Maris. Da farko an ce hutun na ɗan lokaci ne, amma aka yi ta tsawaita shi. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta cewa ɗalibai kimanin miliyan 1.3 ne abin ya shafa a Libiya. Masallatai ma an rufe su, tare da cibiyoyin haddar Alƙur'ani da yara ke zuwa bayan an tashi daga boko.

A watannin farko cutar ba ta yi yawa a kudu ba, har wasu suka fara ganin an yi gaggawa. Amma a ƙarshen Mayu, daidai kwanakin ƙaramar Sallah, ta ɓulla da ƙarfi a Sabha, birnin ya zama ɗaya daga cikin wuraren da ta fi ƙamari a ƙasar a watannin Yuni da Yuli. Aka sa dokar kulle, aka taƙaita shiga da fita. Karatu bai dawo sosai a faɗin ƙasar ba sai tsakanin ƙarshen 2020 da farkon 2021, shi ma da rarraba ɗalibai da rage sa'o'i. A Yulin 2021, da nau'in Delta ya tsananta, gwamnatin haɗin kan ƙasa ta Abdulhamid Dabaiba ta rufe iyaka da Tunisiya, ta sake dakatar da karatu na ɗan lokaci.

Tsoro biyu a zuciya ɗaya

Kuskure ne a ɗauka cewa iyayen da suka ƙosa a buɗe makaranta ba su damu da cutar ba. Yawancinsu tsoro biyu ne ke cin su a lokaci guda. Na farko tsoron cutar kanta. Bincike ya nuna tun da wuri cewa korona ba ta cika kwantar da yara ba kamar yadda take yi wa tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini. Amma a Sabha, kamar a ƙasar Hausa, gida ɗaya kan haɗa kaka da jika, kuma yaron da bai nuna alamar ciwo ba na iya kai wa kakarsa abin da zai zama ajalinta. Babban asibitin Sabha shi ne madogarar kusan dukkan Fazzan, ga ƙarancin ma'aikata da kayan aiki, ga wahalar samun iskar numfashi. Rigakafi kuma bai fara isowa Libiya ba sai Afrilun 2021. Uban da ya auna wannan yana da hujjar barin ɗansa a gida.

Tsoro na biyu shi ne na abin da zaman gida ke yi wa yaro. Wannan ba ya zuwa da zazzaɓi ko tari, a hankali yake bayyana, kuma ba a ƙirga shi a sanarwar da cibiyar yaƙi da cututtuka ke fitarwa kowace rana. Iyaye su ne suka fara ganinsa: yaron da ya iya haɗa baƙi ya fara mantawa, budurwar da ke shirin jarabawa ta daina buɗe littafi, saurayin da ke aji takwas ya saba da yini a waje. Da yake babu wanda ya iya faɗin ranar komawa, iyaye ba su san ko su yi haƙurin mako biyu ba ne ko su yi shirin shekara. Rashin sanin ranar ya fi tsawon hutun damun mutane da yawa.

Karatu daga gida da sharuɗɗansa

Maganin da ma'aikatar ilimi ta kawo shi ne darussa ta talabijin da intanet, kamar yadda aka yi a ƙasashe da dama. Malamai suka naɗi darussa aka riƙa watsawa, wasu makarantu da malamai kuma suka buɗe zauruka a Facebook da WhatsApp suna tura aiki. Wannan tsari yana da sharuɗɗa huɗu: wutar lantarki, layin intanet mai ƙarfi, na'urar da yaro zai yi amfani da ita, da babba a gida wanda zai zauna da shi. Kowanne daga cikinsu ya yi wuya a Sabha.

Wuta ce babbar matsala. A bazarar 2020 ɗaukewar wuta ta kai sa'o'i masu yawa kowace rana a faɗin Libiya, kudu kuma ya fi shan wahala, har akan yi kwanaki cikin duhu idan babban layi ya faɗi. Zafin Fazzan a wannan lokaci yakan wuce digiri 40. Idan wuta ta tafi, famfunan da ke jawo ruwa daga rijiyoyi sukan tsaya, turakun sadarwa ma sukan mutu bayan ɗan lokaci. Janareta na buƙatar mai, kuma ko da yake farashin gwamnati na litar fetur dirhami 150 ne kacal, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na dinari, gidajen mai a kudu sukan daɗe a rufe, sai a saya a kasuwar bayan fage da ninki mai yawa. Daga Janairu zuwa Satumban 2020 an toshe tashoshin fitar da man ƙasar, kuɗin shiga ya ragu, albashi ya riƙa makara, bankuna kuma ba su da tsabar kuɗin da za su ba masu ajiya. Magidancin da ya kwana a layin banki ya samu 'yan dinarori zai fara da gari da mai da magani kafin ya tuna da katin intanet.

Ko a gidan da aka samu wuta, waya ɗaya ce sau da yawa, ta uba, kuma tana fita tare da shi. Yara huɗu ko biyar a azuzuwa daban-daban ba za su iya raba ta ba. Darasin talabijin kuma ba ya jiran wanda bai gane ba, ba ya amsa tambaya, ba ya duba rubutu. Ɗan sakandare mai himma zai iya cin moriyarsa, amma ɗan aji ɗaya da ke koyon riƙe fensir yana buƙatar hannun malami a kan nasa. Nauyin koyarwa ya koma kan iyaye mata, waɗanda da yawansu malamai ne su ma ko ma'aikata, wasu kuma karatunsu bai kai su koyar da lissafin aji tara ba. Wannan giɓi bai tsaya a Libiya ba: UNICEF ta bayyana a Agustan 2020 cewa yara aƙalla miliyan 463 a duniya ba su da hanyar samun karatu daga nesa. Sakamakon shi ne tazarar da ke tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka ta ƙara faɗi, domin mai hali ya ɗauki malamin gida, talaka kuwa ya zuba ido.

Jarabawa da takardar shaida

Iyayen 'yan ajin ƙarshe suna da tasu damuwa ta daban. Makin jarabawar sakandare shi ke yanke irin fannin da ɗalibi zai samu a jami'a, ko likitanci, ko injiniya, ko wani abu ƙasa da haka, kuma Jami'ar Sabha ita ce burin yawancin 'ya'yan kudu. Da aka yi ta ɗage jarabawar 2020, iyaye suka riƙa tambaya ko za a yi ta a kan dukkan manhaja ko a kan abin da aka koyar kawai, da kuma yadda za a auna ɗan Sabha da ya yi bazara babu wuta da ma'auni ɗaya da ɗan birnin da ya fi samun sauƙi. Kasancewar ma'aikatun ilimi biyu ya ƙara ruɗani, domin sanarwa kan fito daga ɓangarori biyu, ranakun kuma ba lallai su zo ɗaya ba.

Ga ƙananan azuzuwa, damuwar ta juya. Inda aka sassauta aka ciyar da yara gaba ba tare da sun kammala aikin shekarar ba, iyaye masu lura sun gane cewa yaron ya hau aji ne da rami a ƙarƙashinsa. Wanda bai ƙware a raba lamba ba zai sha wuya a duk lissafin da ke gaba, wanda bai iya karanta jimla ba kuma kowane darasi zai zame masa dutse. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, yaran da ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta a shekara goma sun ƙaru daga kashi 57 zuwa kusan kashi 70 cikin ɗari bayan annobar.

Tarbiyya da tsaro

A birni irin Sabha makaranta tana yin aikin da ya wuce koyar da darasi. Ita ke tsara yinin yaro, ta tashe shi da safe, ta sa shi ƙarƙashin idon manya na sa'o'i, ta haɗa shi da 'ya'yan wasu ƙabilu a benci ɗaya. Da aka rufe ta tare da makarantar Alƙur'ani, ranar yaro ta zama fili babu shinge. Iyaye maza sun fi jin tsoro a kan samari. Makamai sun yawaita a hannun jama'a tun 2011, ƙungiyoyi masu ɗauke da bindiga na neman matasa, fasa-ƙwaurin mai da na mutane kuma na kawo kuɗin da albashin malami ba ya kawowa. Saurayin da ya ɗanɗana kuɗin hannu yana ɗan shekara goma sha biyar da wuya ya koma ya zauna a aji, kuma iyaye sun san cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A kan 'yan mata damuwar ta bambanta. Su ba a cika barinsu su fita ba, saboda haka makaranta ce kusan kaɗai ƙofar da suke haɗuwa da ƙawaye da malamai. Zaman gida ya ɗora musu aikin girki da rainon ƙanne, ya rage musu lokacin littafi, ga kaɗaici. Abin da aka gani a Saliyo lokacin cutar Ebola a 2014 da 2015, inda makarantu suka yi kusan wata tara a rufe kuma 'yan mata da yawa ba su koma ba, ya sa masana suka yi ta gargaɗi cewa doguwar rufewa ta fi cutar da karatun mata. Akwai kuma lafiyar zuciya: yaran da suka taso da ƙarar harbi, aka kuma kulle su a gida cikin zafi da duhu tare da iyayen da kuɗi ya yanke musu, sun nuna ƙunci da saurin fushi da rashin barci, abubuwan da uwa ke gani ba tare da ta san inda za ta kai kuka ba.

'Ya'yan baƙi da marasa takarda

Akwai iyayen da damuwarsu ta fi ta kowa nauyi, muryarsu kuma ta fi ta kowa rauni. Hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta ƙirga baƙi kusan 600,000 a Libiya a 2020, kuma 'yan Nijar su ne rukuni mafi girma, kusan kashi ɗaya cikin biyar. Da yawa daga cikinsu Hausawa ne daga jihohin Damagaram, Maraɗi, Tawa da Agadas, tare da 'yan arewacin Najeriya. Mafi yawa maza ne da suka baro iyali a gida, amma akwai waɗanda suka zauna da mata da 'ya'ya a Sabha. Aikinsu na yini ne: gini, noma a gonakin gefen gari, dako, gadi, ƙananan sana'o'i. Dokar kulle ta tsayar da aikin, rufe iyakoki ya toshe hanyar komawa, abin da ake aika wa gida kuma ya ragu, har karatun yaran da ke can ƙauye ya ji a jikinsa.

Shigar ɗan baƙo makarantar gwamnati na buƙatar takardun zama da na haihuwa waɗanda iyaye da yawa ba su da su, ga kuma Larabcin aji da ya bambanta da harshen gida. Saboda haka wasu sun dogara da makarantun allo da ƙananan makarantun da al'umma ke ɗaukar nauyi, waɗanda kuɗin wata na iyaye ke riƙe da su. Irin waɗannan idan suka rufe, malamin yakan nemi wata sana'a, kuma ba duka ke sake buɗewa ba. Kusa da wannan matsala akwai ta dubban Buzaye da Tubawa da aka haifa a Fazzan amma ba su da lambar ɗan ƙasa da aka fara aiki da ita a 2013. 'Ya'yansu kan fuskanci cikas wajen rajista da karɓar takardar shaida ko a lokacin lafiya, balle lokacin da ofisoshi ke rufe. A gidajen nan tambayar ita ce ko yaron zai sake ganin aji gaba ɗaya.

Kwatanci da Najeriya da Nijar

A Afrilun 2020 hukumar UNESCO ta ce ɗalibai kusan biliyan 1.6 a ƙasashe fiye da 190 ne ke zaune a gida, amma tsawon zaman ya bambanta ƙwarai. Nijar ta rufe makarantu ranar 20 ga Maris 2020, ta buɗe ranar 1 ga Yuni. Najeriya ta rufe a Maris, ta dawo da 'yan ajin ƙarshe ranar 4 ga Agusta domin jarabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan, sauran ɗalibai kuma a jihohi irin su Kano suka koma a Oktoba. A arewacin Najeriya an yi amfani da rediyo wajen koyarwa, kuma rediyo ya fi talabijin dacewa da gidan da babu wuta domin batir ya ishe shi. A can ne kuma gwamnonin arewa suka kwashe almajirai suka mayar da su jihohinsu na asali, matakin da ya jawo muhawara mai zafi. Uganda na cikin waɗanda suka fi daɗewa, ba ta buɗe gaba ɗaya ba sai Janairun 2022. Libiya ta faɗo cikin ƙasashen da rufewar ta yi tsawo, kuma yaƙi da rabuwar gwamnati da matsalar wuta sun sa illar ta fi tsawon kwanakin.

Abin da ya kamata a tanada

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarshen matakin gaggawa na korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma wata annobar na iya zuwa, kuma a Sabha akwai wasu dalilan da ke rufe makaranta ko babu cuta. Hukumomin lafiya da na ilimi na duniya sun ƙare a kan matsaya ɗaya: makaranta ta zama wuri na ƙarshe da za a rufe, na farko da za a buɗe. Wannan na nufin a gwada matakai masu sauƙi tukuna, kamar raba aji gida biyu safe da yamma, buɗe tagogi, samar da ruwa da sabulu, sa takunkumi ga manyan ɗalibai, da ba malamai rigakafi a sahun farko. Idan rufewa ta zama dole, a yi ta gari-gari bisa yadda cutar take a wurin, a kuma faɗa wa iyaye ma'aunin da za a duba kafin a buɗe, domin su san abin da suke jira.

Karatun nesa kuma dole a gina shi a kan abin da gidan talaka ke da shi. A wurin da wuta ba ta tsayawa, takardun aiki da aka buga ake rabawa mako-mako, da darasin rediyo, da malamin unguwa da ke duba yara biyar ko shida a tsakar gida, sun fi manhajar intanet amfani. Bayan an buɗe, a auna kowane yaro a san inda ya tsaya, a ware lokacin cike giɓi a karatu da lissafi kafin a ci gaba da manhaja. A bi sawun waɗanda ba su dawo ba gida-gida, musamman samarin da suka shiga neman kuɗi da 'yan matan da aikin gida ya riƙe, a kuma sassauta sharaɗin takarda ga 'ya'yan baƙi da marasa lambar ɗan ƙasa. Dattawan unguwa, limamai, kwamitocin iyaye da shugabannin al'ummar baƙi su ne suka san gidan da yaro ya ɓace daga rajista, saboda haka duk shirin da za a yi wa makarantun Sukra da sauran unguwannin Sabha sai an zauna da su tun daga farkonsa.